Tunawa da ƙanena, sojan lema

 Yau zancen mutum guda na kawo muku. Ƙanena ne, ɗan ƙanen babana. Soja ne. Ya rasu cikin yaƙin Difa a shekara ta 2016, shina da shekara 23.

Ba zan rubuta sunanshi ba. Shi ɗan fari ne, kuma kun san al'adarmu: uwa ba ta kama sunan ɗan farinta. Tun da anka haife shi har ranar da anka zo da labarin rasuwarshi, ban taɓa jin Inna ta faɗi sunan nan ba. "Yaron nan" take cewa. In wani ya karanta mata wannan jarida da ƙarfi a tsakar gida, ba ni so ta ji abin da bakinta ya ɓoye shekara da shekaru. Mutanen gari kuwa "mai lema" suke ce mishi.

Garinmu ƙauye ne cikin ƙasar Tasawa. Daga gare mu zuwa bakin kwalta tafiyar sa'a guda ce a amalanke. Na girme shi da shekara huɗu. Tabarma guda munka kwana a ɗakin kakarmu, awaki guda munka kora. Tun shina ƙarami ba shi tsoron bisa. In rani ya yi tsanani, ciyawa ta ƙare, shi ne mai hawan gawo shi kakkaɓo wa awaki ƴaƴa. Ni ina ƙasa ina tsinta, ina ce mishi shi yi hankali. Ya yi kokowa kuma. Bai yi suna ba, amma a dandalin garinmu da wuya yaro sa'anshi shi kai shi ƙasa.

Mu biyu duka mun yi lakwal ta gari. Shi ya fi ni kai wajen lissafi. Ya samu takardar gama firamare, amma bai wuce kwaleji ba, don ba mu da mai riƙe shi a birni. Wannan kun san shi, yaranku da yawa haka ta faru da su.

A shekara ta 2005, bayan fara da ƙarancin ruwan 2004, yunwa ta shiga ƙasar Maraɗi. Gidanmu ya saida awaki har saura uku. Daga nan ya fara cin rani. Da an gama girbi sai shi tafi Maraɗi wajen wani kawunmu, shina tura kurar ruwa. Can ne ya fara ganin sojan lema. A watan Afirilu na 2007 sun yi horo a Maraɗi tare da sojan Amurka. Shina da shekara 14. Da ya dawo gida shuka, ba shi da wata hira sai tasu: yadda suke gudu da kaya a baya cikin zafin bazara, yadda suke rarrafe da ciki, yadda mutum guda ke magana duka su motsa. Wani ya gaya mishi cewa waɗannan su ne masu faɗowa daga jirgin sama. Mun yi mishi dariya. Mun ɗauka zancen yara ne, damina guda za ta wanke shi.

Abin da ya kai shi soja ba wannan sha'awa ce kaɗai ba. Gonar kakanmu, da anka raba ta tsakanin ɗiyanshi maza biyar, kowa ya samu abin da ba shi ciyar da gida wata shida. Daminar 2011 ta yi gardama. A wannan shekara kuma yaƙin Libiya ya koro ƴan ƙasarmu dubbai, sun dawo hannu wofi, hanyar arewa ta rufe. Kudu ma ta ɓaci: ran 20 ga Janairu 2012 ƴan Boko Haram sun kai hari Kano, mutane fiye da 150 sun mutu rana guda. Samarinmu masu zuwa Kano cin rani sun dawo da tsoro. Saurayi mai ƙarfi, mai takardar lakwal, ina za shi nufa? Da anka yi shelar ɗaukar soja a 2012, ya kai takardunshi. An auna tsawonshi, an duba lafiyarshi, an sa su gudu. Ya ci.

Baba bai hana ba. Ya ce, "Je ka, Allah shi tsare. Amma kada ka ci zalin kowa da kayan gwamnati." Inna ba ta ce komi ba. Ta shiga ɗaki ta daɗe.

An kai su Tondibiya, kusa da Yamai, inda ake horon sababbin soja. Ya ce mini da Zabarmanci sunan nan shina nufin baƙin dutse, kuma sunan ya dace. Can ya koyi Zabarmanci, ya gyara Faransancinshi, ya yi abokai Buzaye da Barebari da Fulani da Tubawa. Bayan horon farko anka tambayi masu son shiga sojan lema. Ya ɗaga hannu.

Labarin ya iso gida ta salula. A nan ne Inna ta yi magana. Ta ce mini, "Malam, kai da ka yi karatu, gaya mini gaskiya. Mutum da ranshi shi faɗo daga sama kamar ƙanƙara? Wane irin aiki ne wannan? Ba su da aikin ƙasa?" Na ce mata akwai lema, lemar tana riƙe mutum. Ta ce lemar da ta sani ko iskar farkon damina ba ta jurewa.

Kakarmu kuwa, da ya zo hutu, tana ganin shi ta ce, "Maigida, ashe ka zama shirwa? To, ka bar mini ƴan tsakina." Ya ce mata in ba ta ba shi fura mai nono ba, ta saman ɗakinta za shi sauka watarana.

A wannan hutu ne ya bayyana mana aikin, da dare, a ƙofar gida, maza da yara sun kewaye shi. Zan ba ku kamar yadda na riƙe, don mutane da yawa suna jin "sojan lema" ba su san yadda abin yake ba.

Lemar ba irin ta kasuwa ba ce. Ƙyalle ne marar nauyi amma mai ƙarfi, in an shimfiɗa shi ya fi faɗin babban ɗaki. Shina da igiyoyi da yawa, duka suna haɗuwa ga ɗamarar da ke kama kafaɗu da ƙirji da cinyoyi. Ana ninke ta cikin jaka, soja shi goya ta a baya. Akwai ta biyu ƙarama a gaba, bisa ciki. Wannan ta ko-ta-kwana ce, in ta baya ta ƙi buɗewa. Ƙarƙashinta kuma ga jakar kaya da bindiga. Ya ce in an gama ɗaura maka duka, tafiyarka sai ta koma ta agwagwa.

Cikin jirgi akwai igiyar ƙarfe daga gaba zuwa baya. Kowane soja shina da wata doguwar ɗamara da ta fito daga jakar bayanshi, shi maƙala ƙugiyarta ga wannan igiya. Su tsaya layi, kowa shi duba kayan na gabanshi. A buɗe ƙofa. Iska ta shigo da ƙara, ba ka jin maganar kowa. Fitila ja ce ke kunne. Da ta koma kore, sai fita, ɗaya bayan ɗaya, ba tsayawa. In ka fita, nauyin jikinka ne ke jan ɗamarar nan, ita kuma ta fizgo lemar daga jaka. Ka yi ƙidaya a zuci, ka ji an fizge ka sama, sa'an nan ka ɗaga kai ka duba ko ta buɗe daidai. Tsawon da suke faɗowa kamar mita 400 ne. Daga ƙofar jirgi zuwa ƙasa minti guda ne da ɗan abin da ya ɗora.

Wani dattijo ya tambaye shi, "Ɗana, ba ka jin tsoro?" Ya ce, "Baba, ina ji. A bakin ƙofa kowa na ji. Amma da lema ta buɗe, sai duniya ta yi tsit. Kana ganin kogin Isa kamar zare, gonaki kamar facin riga."

Abu biyu ya faɗa a daren nan da ban manta ba. Na farko, ya ce ba kai ke ninke lemarka ba. Akwai masu wannan aiki daban, su shimfiɗa ta bisa dogon tebur, su jera igiyoyi ɗaya-ɗaya. Ranka shina hannun mutumin da watakila ba ka taɓa gaisawa da shi ba. Mai haƙar rijiya na garinmu shina zaune, ya gyaɗa kai ya ce, "Wannan na san shi. Ni ma in na sauka gaba ashirin, raina shina hannun masu riƙe igiya."

Na biyu, zancen sauka. Ya ce sauka ta fi fita wuya. Kana isowa ƙasa da ƙarfi kamar wanda ya diro daga kan katanga. In ka buɗe ƙafafu, ko ka miƙa hannu don ka tare ƙasa, ka karye. Sai ka haɗa ƙafafu, ka ɗan lanƙwasa gwiwa, ka bar jikinka shi mirgina ta gefe. Mako da mako suna koyon wannan a ƙasa kafin su ga cikin jirgi. Ya ce shi ya sha wuya wajen nan fiye da kowa, don a dandali an koya mishi kada shi yarda shi faɗi, a bariki kuma ana koya mishi yadda za shi faɗi. In iska na busawa, lema ta ja ka a ƙasa kamar jaki ya tsinke da mai shi. Ya ce shi ƙarangiya ta fi ba shi tsoro bisa ga sama.

A sojan Faransa, inda namu sunka gaji abubuwa da yawa, sai mutum ya yi tsalle 6 kafin a ba shi alamar sojan lema. Ya nuna mana tashi alamar, ƴar ƙarfe mai fukafukai. Ta zaga hannu-hannu har ta dawo gare shi. Da safe ya ɗauki tsohon kallabin Inna, ya ɗaura zare a kusurwa huɗu, ya rataya dutse, ya hau rumbu ya saki. Abin ya sauko sannu-sannu. Wata guda bayan tafiyarshi ba ka ganin leda a ƙasa cikin garinmu, yara sun tsince duka sun yi lema.

Wannan aiki ba sabo ba ne a duniya. A babban yaƙin duniya na biyu anka fara zuba sojan lema da yawa. Jamusawa sun yi haka a tsibirin Kirit a 1941. Amurka da Ingila sun zuba dubbai a Normandi, cikin ƙasar Faransa, daren 6 ga Yuni 1944. Kusa da mu, sojan Faransa sun sauka da lema a Tumbutu a watan Janairu 2013, lokacin yaƙin Mali. A ƙasarmu ma rundunar lema ta Yamai ta daɗe. Ibrahim Bare Mainasara ya shugabance ta tun shekaru da yawa kafin shi riƙe ƙasa a 1996. Amfaninsu shi ne a kai soja da sauri inda mota ba ta isa, ko a sauke su bayan abokan gaba. Shi ya sa ake zaɓen masu juriya. Kuma shi ya sa, ko ba za a yi tsalle ba, in wuri ya yi zafi su ake fara tunawa.

Bayan girbin 2014 anka yi mishi aure da wata yarinya ta ƙauyen da ke gabas da mu. Kafin shi koma, ya ja ni munka tafi wajen magajin gari da shaidu, anka yi takardar aure. Baba ya ce, "Liman ya ɗaura, jama'a sun shaida, takardar mece ce kuma?" Ya ce, "Baba, a aikinmu abin da ba a rubuta ba, ba a yi shi ba." Da anka haifi ɗiyarshi a ƙarshen 2015, tun kafin suna ya kira ni ya ce in je in yi mata takardar haihuwa.

Yaƙi ya shigo ƙasarmu ran 6 ga Fabrairu 2015. A ranar ƴan Boko Haram sunka kai hari Boso da Difa, a bakin kogin Komadugu, iyakarmu da Nijeriya. Gwamnati ta sa dokar ta-ɓaci a jihar Difa. An hana hawan babur. An hana cinikin tattasai da kifi, don ana cewa daga nan abokan gaba ke samun kuɗi. A watan Maris sojanmu da na Cadi sun ƙetara sun karɓe Damasak da Malam Fatori. Ran 25 ga Afirilu anka kai hari tsibirin Karamga cikin tafkin Cadi: soja 46 da farar hula 28 sun mutu, bisa ƙidayar gwamnati. Bayan haka anka ce mutanen tsibirai su tashi. Dubbai sun tako da ƙafa cikin zafin bazara zuwa Gigmi.

Ƙanena ya yi wata shida a can cikin wannan shekara. Da ya dawo hutu ya rame, kuma hirarshi ta canza. Ba shi zancen yaƙi, ko an tambaye shi. Zancen ƙasar shike yi, kamar manomin da ya je baƙunta. Ya ce bakin Komadugu ƙasa ce mai albarka, tattasai ja wur a shanye kamar an shimfiɗa darduma, amma ga injin ban ruwa an bari cikin gona, masu shi sun gudu. Ya ba makiyayanmu labarin shanun Kuri na mutanen Buduma, farare, masu ƙaho mai kauri kamar tulu, masu iyo daga tsibiri zuwa tsibiri. Wani Bafillace maƙwabcinmu ya ce sai ya gani da idonshi. Sau guda kaɗai ya taɓa zancen da ke cinshi. Muna dawowa daga masallaci da dare, ya ce, "Yaya, waɗanda muke kamawa, wasu ba su kai ni shekaru ba. Ɗiyan masunta ne da manoma. In ka cire mishi bindiga, kamar yaron da ke tura kura tare da ni a Maraɗi." Bai ƙara ba, ni ma ban tambaya ba.

Inna ta tambaye shi ko can ma suna faɗowa daga sama. Ya ce a'a, can cikin mota suke yawo. Ta ce, "Alhamdu lillahi." Hankalinta ya kwanta.

Ran Juma'a 3 ga Yuni 2016, wato watan shida na nasara, ƴan Boko Haram sun sake faɗa wa Boso da yawan gaske. Soja fiye da 20 sun rasu. Mutane wajen 50,000 sun bar gidajensu, da yawa sun zube a bakin kwalta, ƙarƙashin itace, ba ruwa ba abinci. Ƴan kwanaki bayan haka azumi ya kama. Gwamnati ta tura ƙarin soja daga yamma. Shina cikinsu.

Daga Yamai zuwa Difa fiye da kilomita 1,300 ne, kuma hanya guda ce: Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni, Maraɗi, Tasawa, Damagaram, Gure, Maine Sorowa, Difa. Kun ga ke nan ta ƙofar gidanmu za su bi. Da asuba ya kira ni ya ce, "Yaya, in Allah ya so yau za mu wuce. Ban san ko za a tsaya ba."

An yi ruwa kwana biyu kafin nan, kowa shina gona shina shuka. Mun aje shukar. Baba ya ɗaura amalanke. Inna ta ƙulla ƙuli-ƙuli da dabino da garin yaji cikin ƙyalle, ta dama fura a jarka. Matarshi ta goyo ɗiyar. Kafin hantsi mun isa bakin kwalta. Mun zauna ƙarƙashin wani bedi, da azumi a bakinmu. Azahar ta yi, mun yi salla nan. La'asar ta yi. Salularshi a kashe. Baba ya fara cewa mu koma, ko sun wuce da dare. Inna ta ce ita ba ta tashi.

Rana ta yi sanyi, sai munka ji ƙugi daga yamma. Motoci ne a jere, masu launin ƙasa, da manyan bindigogi a baya. Soja duka sun rufe fuska da rawani don ƙura. Kowa kamar kowa. Ni da na kwana tabarma guda da shi ban gane shi ba. Inna ce ta miƙe ta nuna mota ta bakwai ko ta takwas, ta ce, "Ga yaron nan." Motar ta rage gudu, ba ta tsaya ba. Ya janye rawani, ya ɗaga hannu. Na ruga da ƙullin a gefen mota, na jefa, wani abokinshi ya cafe. Matarshi ta kwance goyo ta ɗaga ɗiyar sama da hannu biyu don shi gani. Ya yi wata magana, ƙarar inji ta cinye ta. Furar ta rage a hannun Inna. Da ita munka buɗe baki a hanyar komawa.

A wannan damina sojan Nijar da na Nijeriya da Cadi da Kamaru sun haɗa ƙarfi a kewayen tafkin. Aikin ma da Hausa anka sa mishi suna, Gama Aiki. Ya kira ranar ƙaramar salla. Ya gaida kowa, ya tambayi yadda hatsi ya tsiro, ya ce in gaya wa Baba kada shi ɗauki bashi don noma, za shi aiko da jika goma a ƙarshen wata a sa ƴan barema.

Bayan salla da kamar mako biyu, muna cikin noma, hatsi ya kai gwiwa, yaro ya rugo gona ya ce maigari na kiran Baba, kuma akwai baƙi da mota. Baba ya kafa hauyarshi, ya dube ni. Bai tambayi yaron komi ba. Ya ce, "Mu tafi."

An riga an rufe shi a Difa, tare da waɗanda sunka rasu da shi. Nisa da zafi ba su bari a kawo gawa. Liman ya ja mu munka yi mishi salla daga nan. An yi zaman makoki, an yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in. Makokin da babu kabari kusa shina da wani nauyi daban. Mutane sun cika gida, amma babu inda za ka raka mamaci ka dawo. Kakarmu ta yi kwanaki tana cewa a ƙara tambaya, kila wani ne mai irin sunanshi.

Bayan wata uku wani abokin aikinshi, Bazabarme, ya zo hutu, ya biyo ta garinmu da jakar kayanshi. Da Hausarshi mai karyewa ya ba mu labari. Sun fita sintiri da safe a wata hanyar rairayi. An yi ruwa da dare, ruwan ya shafe duk wata alama a ƙasa. Motarsu ce a gaba. Ta taka nakiya. Ya ce bai daɗe ba, kuma ya samu yin kalmar shahada. Cikin jakar akwai kaya kala biyu, da carbi, da alamar nan mai fukafukai, da hoton ɗiyarshi, da ƙyallen da Inna ta ƙulla ƙuli-ƙuli, a wanke, a ninke.

Inna ta saurara har ƙarshe. Sa'an nan ta ce, "Ashe ba sama ba ce." Shekara huɗu tana addu'a kada lema ta ƙi buɗewa. Duk tsallen da ya yi, ko targaɗe bai taɓa samu ba. A fagen yaƙi kuwa bai taɓa buɗe lema ba ko sau guda.

Akwai maganar da na ji a kasuwa bayan rasuwarshi, kuma na san ana faɗinta a wasu garuruwa game da ɗiyan wasu. Ana cewa, "Ai shi ya kai kanshi, albashi ya bi." Ina so in amsa wannan. I, albashi shina ciki. Da albashin nan anka sayi buhun hatsi a gidanmu kowace bazara, da shi anka yi wa Inna maganin ido, da shi anka maida awakin da yunwa ta cinye. Babu abin kunya a nan. Wanda ya tafi Agadas ko Legas ma abinci ya je nema. Amma bayan wata shidan farko ya ga abin da yaƙi yake. Ya san nakiya, ya ɗauki gawar abokai. Da ya so, da ya tuɓe kaki ya ɓace cikin Nijeriya ko Aljeriya, kamar yadda mai tsoro ke iya yi. Da anka sake kiran shi ya hau mota. Mai faɗin wannan magana a kasuwar Tasawa, shina faɗinta ne cikin kwanciyar hankali, da buhunshi a gaba, don akwai waɗanda sunka tsaya a Boso.

Matarshi ta yi takaba wata huɗu da kwana goma a gidanmu. Sa'an nan munka shiga neman haƙƙinshi. A nan ne takardun da ya matsa anka yi sunka yi rana. Ko da su, sai da na yi tafiya huɗu zuwa birni, wani biro shi tura ka wani biro. Amma an samu. A layi na gamu da wata mata daga wani gari, da ɗiya biyu, mijinta soja ne shi ma. Ba ta da takardar aure, yaran ba su da ta haihuwa. An ce sai ta koma ta nemo shaidu, ta bi ta wajen alƙali. Kuɗin motar komawa ma sai da mutanen layi sunka haɗa mata.

Yaƙin bai tsaya a Difa ba. Ran 10 ga Disamba 2019 soja 71 sun rasu a Inatas, wajen iyakar Mali. Ran 9 ga Janairu 2020 wasu 89 a Shinagodar. In rediyo ta faɗi irin wannan ƙidaya, Baba shikan kashe ta, shi yi shiru, sa'an nan shi ce, "Gida 71." Haka shike ƙidayar tashi.

Matar ta sake aure, kamar yadda ya kamata, yarinya ce. Ɗiyar tana hannun Inna, tana zuwa lakwal. Tana da goshinshi, kuma ba a raba ta da hawan itace. Kakarmu ta rasu a 2018.

Bayan girbin 2019 Baba ya ce shina so shi ga kabarin. Ya saida rago, munka shiga mota. Kusan kilomita 600 ne daga Tasawa. Bayan Maine Sorowa munka fara ganin bukkokin ƴan gudun hijira a bakin hanya, na kara da leda, dama da hagu. Abokin nan Bazabarme ya haɗa mu da wani soja, shi ya raka mu maƙabarta ya nuna mana wurin. Baba ya durƙusa, ya yi addu'a mai tsawo. Ya gyara ƙasar da ruwa ya zaizaye da hannunshi, ya tsince ƙarangiyar da ta fito a kai. Na ba shi buta ya yayyafa ruwa.

Da munka fito ya ce in kai shi bakin kogi. Sojan ya ce ba a zuwa can sai da izini. Sai munka shiga kasuwa. An riga an buɗe cinikin tattasai tun 2017. Baba ya tsaya gaban buhuna, ya ɗebo guda, ya murza, ya shinshina. Ya ce, "Yaron nan bai yi ƙarya ba." Ya sayi tiya biyu, ɗaya ta Inna, ɗaya ta matar liman. Washegari da asuba munka kama hanyar gida.